Ta Sha Ɗaya a Gidan Wanki

Mahaifiyata ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana biyan mutane albashi, ita kuwa ba a taɓa biyanta ba. In na faɗi haka a gabanta sai ta galla mini harara, ta ce in daina yi wa ƙanenta sharri, ai ba wanda ya hana ta. Gaskiyarta ce, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da wani ne ya hana ta, da na san wanda zan riƙe a zuciya in huta.

Gidan wanki da gugar na Kawu ne, ƙanenta ciki ɗaya. Da tsohon injin wanki guda ya fara, da dutsen guga biyu, a wani shago mai rufin kwano da ke bayan tashar mota. Shekarar da babanmu ya rasu, ina firamare, Kawu ya zo gidanmu ya tarar da Umma zaune a inda ya bar ta wancan makon. Ya ce, "Yaya, zaman nan zai kashe ki. Ki zo ki riƙe mini lissafi, ko na wata biyu ne. Kin san ni da lambobi ba ma ga maciji." Ta ɗauki mayafinta ta bi shi, ba ta ko tambayi nawa ne ba.

Kasuwa ta buɗe masa. Otal-otal da ƙananan asibitoci suka fara aiko da zannuwan gado da tawul da labule. Injuna suka ƙaru, aka sayi motar ɗaukar kaya, aka fasa bango aka haɗe da shagon maƙwabta. Ofishin Umma ne kawai bai ƙaru da ko taku ɗaya ba. Wani lungu ne da aka kewaye da katako tsakanin ɗakin busar da kaya da sito. Bangonsa kullum gumi yake saboda tururi, takarda in ta kwana a kan tebur sai ta lanƙwashe, shi ya sa komai nata a cikin leda yake. Akwai wata fanka mai juya kai tana ƙara amma ba ta ba da iska, da kujerar ƙarfe da ta shimfiɗa wa tsohon tawul ɗin da masu shi suka manta. Warin sabulu da sitaci ya kama jikinta har ya zama nata. Ko ranar hutu ta rungume ni, gidan wanki nake shaƙa.

Ƙarshen wata kuwa yaƙi ne. Kwanaki take yi da kalkuleta da jan biro, tana haɗa ranakun da kowa ya zo, da ƙarin lokacin da ya yi, da abin da za a cire masa na haraji. Tabarau ya yi mata hazo, ta cire ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ma'aikatan suka laƙaba mata suna Ƙarshen Wata, a bayan idonta dai, don a gabanta Anti suke cewa har da rusunawa. Duk da haka ranar biya ba ta wucewa ba rigima. Direba, wani dogon mutum da bai taɓa yarda an biya shi daidai ba, zai zo ya tokare ƙofa ya ce, "Anti, ranar da na kai kayan asibiti cikin ruwan sama fa? Ko ruwan ma a haraji aka cire shi?" Ita kuma ta ce ya matsa mata daga ƙofa, yana tare mata iskar da dama babu.

Ita fa, da me take ci? Kawu ke biyan hayar gidanmu. Shi ya biya mini makaranta har na zama ma'aikaciyar jinya. Duk wata yakan tura mata ambulan ƙarƙashin kalkuleta ya ce na cefane ne, wani watan da kauri, wani watan kamar ba komai a ciki. Ba zan ce mugu ba ne, Allah ya gani. Mutum ne mai fara'a da son zaman lafiya, irin wanda in magana za ta yi nauyi sai ya tuna akwai injin da ke buƙatar dubawa. Ba su taɓa zama sun ce ga abin da aikinta ya cancanta ba. Shi yana jin kunyar yanka wa yayarsa albashi, ita kuma tana ganin ta fi ƙarfin tambaya.

Manhajar kwamfuta ta shigo gidan ne ta dalilin wata tara da aka ci su. An canza ƙa'idar cire haraji, labari bai iso lungun Umma ba, ta ci gaba da lissafi da tsohon tsari har aka zo duba takardu. Tarar da aka ci su ta girgiza Kawu, ita kuwa Umma kunya ta kusa kwantar da ita. Ana cikin haka sai ga wani mai tallar manhajar biyan albashi ya biyo ta layin, da jakarsa da turarensa. Ina wurin ranar, na biyo daga aiki don mu tafi gida tare. Ya buɗe kwamfuta a kan teburin ninke kaya ya nuna musu. A shigar da sunan kowa sau ɗaya, ita za ta lissafa ƙarin lokaci, ta cire haraji da fansho, ta tura wa kowa kuɗinsa banki, ta fitar masa da takardar albashi. In ƙa'ida ta canza, ita ma ta canza da kanta. Umma da ta zo da niyyar kushewa sai ga ta tana matso da kujera.

Sai aka zo kan farashi. Kuɗin wata-wata ne, kuma hawa-hawa yake. Ma'aikata goma zuwa ƙasa, kuɗi kaɗan. Daga sha ɗaya kuwa sai an haura babban tsari, kuɗin ya kusa ninka uku.

Kawu ya fara ƙirga da yatsu: masu wanki, masu guga, mata masu ninki, Direba, maigadi. Yatsunsa suka ƙare cif. Ya tsaya da hannuwa a buɗe yana kallon yayarsa.

"Sai ke, Yaya. Sha ɗaya ke nan."

"Ni me?"

"Ke ma ai aiki kike yi. A sa ki kawai, mu ɗauki babban."

Mai talla ya gyara zama, ya ce shi ma shawarar da zai bayar ke nan, don duk wanda ke ciki fanshonsa na taruwa, kuma yana da shaidar cewa ya yi aiki. Umma ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, kai sayarwa ka zo yi, dole ka ce haka." Ta juya wajen Kawu. "Yanzu saboda ni kaɗai za ka riƙa zubar da kuɗin nan duk wata? Jiya-jiya fa aka ci mu tara. Ka san katan nawa na sabulu ke nan a shekara? Su goma ne. A rubuta goma."

"Yaya..."

"Na ce goma ne. Ni 'yar gida ce."

Na ga sauƙin da ya sauko a fuskar Kawu, kuma har yau ban gama yafe wa fuskar nan ba. Ya yi tayi, ba ƙarya. Amma sau ɗaya ya yi, a hankali, irin tayin da ake yi wa baƙo lokacin da abincin ya kusa ƙarewa. Ya sa hannu a takardar mai talla, ya raka shi har bakin titi.

A hanyar gida na buɗe mata wuta. Na ce bambancin kuɗin bai kai abin da motar Kawu ke sha na mai a mako ba. Na ce tsufa na zuwa, ambulan kuma ba fansho ba ne. Ta yi mini kunnen uwar shegu har muka tsallaka babban titi, sannan ta tsaya ta ce, "Ke har yanzu yarinya ce. Yaron da na goya, na share wa majina, shi ne zan shiga layi in karɓi takarda mai cewa shi maigida, ni 'yar aiki? In na makara ya cire mini? Allah ya kiyaye." A nan na gane ba maganar sabulu ba ce kaɗai. Tattali ta ce a bakinta, amma girman kai ne ke tsaye a bayansa, kuma ban san ta inda zan ɓullo wa su biyun ba.

Manhajar kam ta biya kuɗinta, wannan ba zan ɓoye ba. Umma da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba ta koye ta da yatsu biyu, tana dannawa tana yi mata faɗa. Aka sa wa kwamfutar rigar leda saboda tururi. Aikin kwanaki ya koma na safiya ɗaya. Ba a sake cin su tara ba. Direba ya rasa abin rigima, har ya riƙa cewa an cuce shi, an raba shi da abin da ke sa jininsa gudu. Da takardun albashin nan ya samu gidan haya mai kyau, don mai gidan ya ce ba zai ba kowa ba sai wanda ya nuna shaidar samu. Ɗaya daga cikin masu ninki ta samo wa ɗiyarta tallafin karatu da su. Kowanne Umma sai ta zo gida ta ba ni labari tana washe baki, kamar ita aka yi wa.

Wanda ya fi taɓa ta shi ne tsohon mai gugar da ake kira Tururi. Shi ne ya fi kowa daɗewa bayan ita. Hannuwansa duk tabon ƙuna ne, kuma yana iya fitar da karin wando da za ka rantse da wuƙa aka yi shi. Da kafaɗarsa ta gaza, ya ajiye aiki, ya je ya nemi fanshonsa aka ba shi ba gardama, domin komai nasa na rubuce. Ya dawo da sabuwar fanka a kwali ya dire a ƙofar ofishinta.

"Anti, ki jefar da waccan maƙaryaciyar. Ba don ke ba da yanzu ina gindin bango ina kallon hannun 'ya'ya."

Ta yi ta cewa ba ita ba ce, manhaja ce. Amma da ya tafi ta daɗe zaune tana kallon kwalin, ba ta buɗe ba.

Tafiyar Tururi ta bar gurbi. Sun koma tara. Ban ɓata lokaci ba, na je na same ta na ce, "Umma, ga dama ta samu. Ko sisi ba za a ƙara ba. Ba sai kin tambayi kowa ba, ke ce mai shigarwa." Na shirya jin faɗa, sai ban ji ba. Ta ce za ta duba. Daga yadda ta faɗa na san zancen ya shige ta, don lokacin gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, tana hawa matakalar gidanmu tana hutawa a tsakiya. Daga baya ta gaya mini har ta buɗe shafin sabon ma'aikaci, ta rubuta rabin sunanta.

Sai dai gidan wanki ba ya zama ba mai guga. Kafin mako ya zagayo Kawu ya kawo wani, magidanci mai iyali. Umma ta goge rabin sunan ta sa nasa.

"Shi dole ne a sa shi, doka ce," in ji ta. "Ni ina za ni? Ina nan."

Na wuce kai tsaye wajen Kawu, na wanke shi tas, har na manta kawuna ne. Ya saurare ni kansa a ƙasa, ya ce ina da gaskiya, in bar masa, zai yi mata magana da kansa. Yana cikin faɗa wani inji ya fara jijjiga a ciki, ya ce bari ya duba ya dawo. Maganar ba ta sake tashi ba.

Wata safiya Kawu ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin injuna. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin jiki da rabin harshe. 'Ya'yansa kowa na can da aikinsa a wani gari, ba wanda ke sha'awar warin sitaci. Umma ta riƙe gidan iya ƙarfinta, amma ita lissafi ta sani, ba neman ciniki ba, otal-otal suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Da wani babban kamfanin wanki ya yi tayin saye, Kawu ya gyaɗa kai daga kan gadonsa.

Sharaɗin da suka bayar mai kyau ne, kowa ya yaba. Duk ma'aikacin da ke cikin manhaja za su riƙe shi, su lissafa masa shekarunsa na baya. Wanda ya fi son tafiya kuma a ba shi kuɗin sallama gwargwadon daɗewarsa. Suka turo jami'arsu mai kula da ma'aikata, wata sa'ata, mai ladabi da magana ƙasa-ƙasa. Umma ta fitar mata da komai, na mutum goma, ba ko ɗigon kuskure. Jami'ar ta ce ta shiga ƙananan wurare da yawa, ba ta taɓa ganin bayanai masu tsafta irin waɗannan ba. Umma ta gyara tabarau, ta ce an gode. Jami'ar ta sake bin jerin da yatsa daga sama har ƙasa.

"Anti, ke ban ga sunanki ba."

Direba ne ya fara tayar da jijiyar wuya. Ya ce ko bangon gidan nan aka tambaya zai ba da shaida, ita ta ɗauke su aiki duka. Masu ninki suka ce za su sa hannu a duk takardar da ake so. Jami'ar ta ce ta yarda, wallahi ta yarda, ta ma kira manyanta a gabanmu. Suka ce suna tausaya mata, amma da abin da ke rubuce suka yi ciniki. Babu takardar albashi, babu haraji da sunanta, babu fansho. Ambulan na cefane kuwa kyauta ce tsakanin 'yan'uwa, ba su da hurumi a ciki. Na so in yi faɗa, na rasa da wa, don ba wanda ya faɗi ƙarya a ɗakin.

Kawu ya ba ta abin da ya iya daga kuɗin sayarwar, amma asibiti ya riga ya cinye mafi yawa, kuma yana kan ci. Ranar da muka je gaishe shi ya riƙe hannunta da hannunsa mai lafiya, hawaye na bin gefen fuskar da ba ya motsi. Da ƙyar maganar ta fito.

"Yaya, da na matsa miki."

"Da ka matsa da na ƙi," ta ce, tana goge masa fuska. "Ka daina wannan, jininka zai hau."

Ban sani ba ko da gaske take. Ni dai ina ganin da ya matsa sau biyu ko uku, da ta yi fushi na kwana biyu ta haƙura. Wannan tunanin ne ke hana ni sakewa da shi har yau, alhali ina son sa.

Kamfanin ya roƙi Umma ta ƙara wata ɗaya, ta miƙa wa mutanensu aiki, don ba wanda ya san kan gidan kamarta. Suka ce za su biya ta. Amma su ba sa biyan kowa a hannu, sai an shigar da ita. Tsarinsu babba ne, ba ruwansa da goma ko ɗari. Ranar na zo taya ta kwashe tarkacenta, ina tsaye da kwali a hannu, jami'ar ta juyo mata da kwamfuta ta ce ta cike da kanta, ta fi kowa iyawa.

Ta rubuta sunanta cikakke da yatsunta biyu. Ta sa lambar asusun da na buɗe mata shekaru da suka wuce, wanda ba abin da ke shiga cikinsa sai abin da na tura. Da ta iso gurbin ranar fara aiki sai ta tsaya, ta dubi jami'ar.

"'Yata, in sa ta gaskiya?"

Jami'ar ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Anti. Ta yau za ki sa."

Umma ta ɗaga kai ta duba kalandar bango, kamar ba ta san kwanan watan ba. Ta sa ta yau. Ta danna, manhajar ta karɓa, ta fito da 'yar gaisuwar da take yi wa kowane sabon ma'aikaci. Ni na fita waje da kwalina, don in na tsaya kuka zan yi in ba ta kunya.

Watan ya ƙare ranar da nake hutu. Muna zaune a falo da hantsi, ta miƙe ƙafafu ina shafa mata man gwiwa, sai wayarta ta yi ƙara. Ta laluba tabarau ta sa. Saƙon banki ne, albashi ya shiga, ga takardarsa a haɗe. Ta buɗe ta bi ta layi-layi kamar yadda ta saba bin na mutane, ta duba haraji, ta duba ɗan abin da aka cire na fansho, na wata ɗaya tak. Ba ta sami kuskure ba. Ta koma kan saƙon ta sake karantawa, leɓenta na motsi.

"Ashe haka suke ji," ta ce a hankali.

Ta kifa wayar a cinyarta, ta cire tabarau, ta ce in ci gaba da shafawa, ta hagun ce ta fi ciwo.